Shekarar da Na Kashe Wutar Warsha

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san nauyin kowane abu tun ba a ɗora shi a ma'auni ba. Hadiza 'yar ƙanwata ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma ba yanzu zan fara ba. Na ce mata in ta ga na yi shiru ta jira, kuka ne, zai wuce. Ku 'ya'yana nake yi wa wannan magana. Labarin yadda aka kawo ni Makka amarya daga ƙauyenmu na ƙasar Gaya kun sha ji, ba zan maimaita ba. Shekara ɗaya nake so na tsaya a kai, wadda ta biyo bayan rasuwar babanku, shekarar da aka rufe warshar bayan gida, wato maƙerarsa. Na gaji da jin ana cewa autarku Hauwa ce ta rufe ta da karatunta. Ba haka aka yi ba, kuma ba na so na kwanta dama da wannan magana a bakinku.

Babanku Malam haifaffen nan ne, kakanninsa a ƙafa suka zo aikin hajji suka zauna. Sana'arsa kuwa abin dariya ce ga wanda bai sani ba. A garin da zafi ke sa mutum ya kasa taka ƙasa ba takalmi, shi murhun ɗumama ɗaki yake ƙerawa, wanda mutanen nan ke ce wa daffaya. Duro yake samu na ƙarfe, ya yanka, ya yi masa ƙofa da ƙafafu da bututun fitar da hayaƙi, a zuba itace ko gawayi a ciki. Ba mutanen Makka ke saye ba. Mutanen kan dutse ne, na wajen Ɗa'ifa, da makiyayan da ke kwana a garke, waɗanda sanyi ke shiga ƙashinsu idan hunturu ya kama. Da zafi ya fara sauka sai ka ga motocinsu a bakin layinmu na Hindawiyya. Abokansa na masallaci kan tsokane shi.

"Malam, a Makka kake sayar da zafi? Ai kyauta Allah ke raba mana shi."

"Ku hau dutse ku kwana ɗaya," in ji shi, "gobe ku dawo mu yi ciniki."

Da wannan sana'a aka ciyar da ku, aka yi muku sutura, aka aurar da ku. Ban manta ba, kuma ba na so ku zaci na raina ta.

Durorin nan ba sababbi ba ne. Wajen 'yan gwangwan na hanyar Jidda yake sayo su, waɗanda aka riga aka juye abin da ke ciki aka yar. Wasu da rubutu a jikinsu, na Turawa ko na mutanen Sin, wasu an kankare, wasu rana ta cinye. Malam ba ya karanta ko ɗaya. Hancinsa yake sa wa a bakin duron ya shaƙa, sannan ya yanke hukunci. Ya ce wannan na man girki ne, wannan na sabulu, wannan na fenti, wannan kuwa ban san shi ba amma wuta za ta san shi. Domin kafin a yanka kowane duro sai an ƙona shi, a cusa masa katako da tsumma a kunna, har fentin jikinsa da ragowar abin da ke ciki su ƙone ƙurmus. In ba a yi haka ba, wanda ya saya zai shaƙi warin a ɗakinsa, kuma Malam ba ya yarda a cuci mai saye. To a bayan gidanmu ake ƙonawar. Hayaƙin wani lokaci baƙi ne, wani lokaci ya yi kore-kore, wani lokaci fari mai ɗan zaƙi a maƙogwaro wanda ke sa ni ciwon kai har la'asar. Nakan kwashe shanya in rufe ƙofa. Ban taɓa tambayar inda hayaƙin ke zuwa ba bayan ya haye katangarmu. Lokacin da ya fara aikin ma babu kowa a bayanmu sai duwatsu da awaki. A hankali gidaje suka hau dutsen, bene kan bene, musamman da aka shiga rushe unguwannin kusa da Harami mutane suka yi ta dawowa wajenmu. Muka wayi gari filinmu ya zama kamar gindin rijiya, tagogi ta ko'ina suna kallonsa.

Ciwon Malam da tari ya fara, irin wanda ake cewa sanyi ne a sha zuma. Ya shekara yana yi, ya rame, hawa matakala ya gagare shi. A asibiti likita ya ce huhu ne, ya tambaya ko yana shan taba. Mutumin da ko shisha bai taɓa kusanta ba. Da aka gaya masa sana'arsa sai ya gyaɗa kai ya ce yana iya yiwuwa, yana iya yiwuwa kuma ba shi ba ne, akwai masu irin ciwon da ba su taɓa ganin duro ba. Iyakar abin da muka samu ke nan. Ranar wata Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa, kansa a cinyata. Aka yi masa salla a Harami. Dakata, Hadiza.

To. Ina cikin takaba lokacin aiki ya zo. Yayanku, wanda nake ce wa Babba tunda kun san ɗan fari ne ba na kama sunansa, shi ya gaji warshar. Tun yana ƙarami yake riƙe wa babansa ƙarfe, ba shi da wata sana'a, ga mata ga yara. Ya sayo durori ya jera, ya kunna wuta kamar yadda ya ga ana yi. Ni kuwa ina zaune a ɗaki ba inda nake zuwa, ba abin da nake yi sai tasbihi da tunanin wanda ke kabari. Da na ji warin nan mai zaƙi ya shigo sai wani tunani ya taso mini. A wajen zaman makoki an yi shela, duk wanda ke da wani haƙƙi a kan Malam ya zo ya faɗa, babu wanda ya zo. Amma na sha jin malamai na cewa haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa sai shi ya yafe. Na ce a raina, wannan hayaƙi na shekara da shekaru, in cuta ne, a wuyan wa yake? Mutumin ba ya nan balle ya nemi gafara da bakinsa. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina.

Hauwa, autarku, ita ce ta yi karatun jami'a a kan iska da ruwa da ƙasa da abin da ke ɓata su. Tana zuwa kullum da rana ta tilasta mini shan kunu. Ran nan na riƙe hannunta.

"Auta, abin da kika karanta, ana iya auna hayaƙi da shi?"

"Ana iyawa, Umma. Wane hayaƙi?"

"Na babanki. Tun daga farko har ranar da ya kwanta. Ki auna mini ki gaya mini ko ya cuci mutane, da kuma yawan cutar."

Ta ce za ta gwada, amma sai na taimaka mata. Ku ji da kyau, ni na sa ta. Ba ita ta kawo maganar ba.

Ta yi makonni tana wannan aiki, ta wahala, ni ma ta wahalar da ni da tambaya. Duro nawa ake ƙonawa a shekara? Na ce ya danganta da sanyin shekarar. Me ke cikinsu? Na ce abin da hancin babanki ya faɗa. Kore-koren hayaƙin nan sau nawa yake fitowa? Na ce wani lokaci. Ina iska ke kai shi? Na ce ni ƙofa nake rufewa. Ta je wajen 'yan gwangwan tare da mijinta, suka ce su ma saye suke daga hannun wasu, ba sa tambaya. Ta duba durorin da Babba ya jera, ta karanta na karantawa, ta ɗauki hoton sauran da wayarta. Ta ɗebi ƙasar filin a leda ta kai wa wata malamarsu. Babba yana ganinta yana yi mata dariya.

"Daktora, in kin gama da ƙasar ki auna mana tuwon Umma, ko shi ma da guba."

"Kai dai sa abin rufe hanci, Yaya."

"Abba bai taɓa sawa ba."

"Na sani," in ji ta.

Ranar da ta kawo amsa, Juma'a ce bayan an sauko, kowa na gida. Ta zauna a gabana, Babba yana bakin ƙofa a tsaye. Ta ce ta yi lissafin ta hanya biyu. In aka ɗauka yawancin durorin na man girki ne da sabulu, kamar yadda Abba ke faɗa, to hayaƙinmu bai kai na motocin da ke bin babban titi ba, kuma da wuya ya kwantar da wani. In kuwa aka ɗauka akwai na maganin ƙwari da na sinadaran masana'anta a cikinsu, ko da jefi-jefi ne, to abin da ya fita mugu ne, irin wanda ke zama a jiki ya daɗe kafin ya nuna. Ƙasar filin an ga wani abu a ciki, amma malamar ta ce ƙasar unguwa irin tamu da wuya a rasa shi, ba za ta rantse daga duro ya fito ba.

Na ce, "To wanne ne a ciki?"

"Ban sani ba, Umma."

"Ba ke kika yi karatun ba?"

"Karatun ne ya ce kada in faɗi abin da ban sani ba. Ga ƙasa, ga sama. Gaskiyar tana tsakani, amma tsakanin da faɗi. Wanda ya san abin da ke cikin durorin nan babu shi, su kansu durorin sun zama murhu suna kan dutse."

Sai Babba ya shigo ya zauna, ya ce shi ma yana da lissafi, ko da bai je jami'a ba. Ya ce daffayar kanti da ake kawowa daga ƙasashen waje, ita daga sama take faɗowa? Ai sai an haƙa ƙasa, an narka sabon ƙarfe, an ɗora a jirgin ruwa. Hayaƙinta a kan wasu bayin Allah yake sauka, mu dai ba ma ganinsu ne. Mu kuwa abin da aka yar muke ɗauka mu mai da shi abin amfani. Na zaci Hauwa za ta musa. Ba ta musa ba. Ta ce wannan gaskiya ne, ta sa shi a lissafinta, kuma in duniya gaba ɗaya ake dubawa mai yiwuwa aikinmu ya fi sauƙin ɓarna. Amma duniya gaba ɗaya ba ta zaune a layinmu. Ta ce akwai mafita, a koma unguwar masana'antu a riƙa sayen sabon fallen ƙarfe ana yi da shi. Babba ya ce in ya yi haka makiyayi ba zai iya sayen murhunsa ba, kuma shi ba shi da ƙarfin kama wuri a can. Suka yi ta yi, rabi da Hausa rabi da Larabci, har muryoyi suka fara tashi. A ƙarshe Babba ya juyo wajena, idonsa a ƙasa.

"Gidan nan Umma ke ciki. Abin da ta ce shi za a yi."

Hauwa ma ta ce haka. Suka ɗora mini kayan suka tashi. Ni da na nemi a sauke mini nauyi, sai aka ƙara mini.

Da na fita takaba sai na ce bari in yi nawa awon, irin wanda na iya. Na sa abayata na bi gidajen da ke kewaye da mu ɗaya bayan ɗaya, Hausawa da Yamalawa da mutanen Burma, ina sallama ina shiga wajen matan. Abin da nake faɗa ɗaya ne. Malam ya tafi, na zo nema masa gafara, in hayaƙin aikinsa ya taɓa cutar da ku ku gaya mini, kada ku ɓoye. Kowace sai ta kama hannuna ta zaunar da ni, a kawo shayi da dabino. Wane hayaƙi, Hajiya? Ai mu ba ma ji. Malam mutumin kirki, shi ke gyara mana ƙofa kyauta. Mun yafe duniya da lahira. Wasu har kuka suka taya ni. Na dawo gida da sanyin zuciya, na faɗa a gaban yaran. Babba ya ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare, waɗanda abin ya shafa sun yi shaida. Hauwa ta bari ya fita sannan ta ce,

"Umma, in ke ce bazawara ta shigo miki da hawaye tana tambaya ko mijinta ya cuce ki, me za ki ce?"

Na san abin da zan ce, irin abin da suka ce mini ne. Na je na tambayi mutane masu kunya abin da kunya ba za ta bari su faɗa ba, na dawo ina murna.

Gida ɗaya ya rage ban shiga ba, na Maman Salihu, wata Bahaushiya 'yar Damagaram da mijinta ke aikin gini. Ɗakinsu na bene yana daidai saman filinmu. Ranar da na je ta yi tafiya, sai daga baya na koma. Ta karɓe ni hannu biyu, ta ce falo da baƙin mijinta, mu shiga ciki. Ɗakin duhu da rana tsaka, fitila a kunne. Tana ta cewa babu komai Inna, wallahi mun yafe, ni kuwa idona na kan tagar. An toshe ta da tsummoki ta kowace kafa, an bi da leda an manne da salatif. Ledar ta yi baƙi. Ƙarƙashinta akwai wata tsohuwar ledar, ƙarƙashin wannan ma akwai wata. Ba aikin bana ba ne. A kan katifa ɗanta Salihu na zaune da abin shaƙar nan na masu asma a hannu. Ta ga inda nake kallo, sai ta yi sauri ta ce,

"Saboda ƙura ne, Inna. Kin san ginin da ake ta yi."

"Haka ne," na ce. "Ƙura ta yi yawa."

"Shi kuma tun muna gida yake da shi. Gadon dangin ubansa ne."

Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Har yau ban sani ba. Da na sauko na shiga filinmu, na tsaya a tsakiya inda ake ƙonawa, na ɗaga kai. Shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa tsayawa a wurin na kalli sama ba. Tagogin da ke fuskantarmu kusan duk a rufe suke, wasu da kwali, wasu da katako. Na zagaya ta ɗaya layin na duba tagogin gidajen nan dai ta wancan gefe. A buɗe, da shanya a jiki.

Wannan bai gaya mini yawan cutar ba. Mutum na iya rufe taga don wari kawai, warin kuma bai kashe kowa ba. Na faɗa wa kaina haka kwana da kwanaki. Amma akwai abu na biyu, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. A cikin wannan hunturu na fara jin Babba yana tari idan ya sunkuya alwala. Ɗan gajere, busasshe, sau biyu a jere sannan ya gyara murya. Na san wannan tari, na shekara ina kwana kusa da shi. Wataƙila mura ce, kowa na tari da sanyi. Amma ni uwa ce da ba ta daɗe da binne miji ba. Kuma ku kun tashi a nan, ba ku san nauyin abin ba. A inda na fito, uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta cewa ina jin tsoro a kanka. Haka aka rene ni, haka na rene shi, ko goyonsa a gaban mutane ban yi ba, kakarsa ce ta yi. Ga shi na tsufa ina so in ce masa ɗana kada ka bi babanka, bakina ya ƙi buɗewa.

Na yi istihara, ban ga komai ba. Na zauna na yi nawa lissafin na jahila. In cutar kaɗan ce na rufe, na raba ɗana da sana'ar ubansa a banza. In mai yawa ce na bari, ina ƙara wa na kabari kaya, ina ƙara wa na raye, kuma wata rana a sake kawo mini likita mai cewa yana iya yiwuwa. Na farkon in na yi kuskure ana iya gyarawa, mutum ya sake sana'a. Na biyun ba a gyara shi. Iyakar hankalina ke nan. Ban ce shi ne daidai ba.

Sai na aika aka kira Baffa Sani, ƙanin babanku, don ba zan iya faɗa wa Babba ido da ido ba. Shi da Babba suna zaune a falo, ni ina bayan labule. Na ce,

"Alhaji, a gaya wa mai warsha, daga yau kada a sake kunna wuta a bayan gidan nan."

Baffa ya ce, "Hajiya, kin yi tunani? Abincin yaron nan ne."

"Na yi."

"Saboda takardun Hauwa?"

"Saboda maƙwabta."

Rabin dalilin na faɗa, rabin na haɗiye. Babba yana jin komai, labule ne kawai tsakaninmu. Na jira ya yi gardama, da ya yi wataƙila da na fashe na faɗi sauran. Bai yi ba. Sai kawai ya ce,

"To, Umma. An gama."

Washegari da safe ya kashe ragowar garwashin da ruwa. Durorin da bai taɓa ba ya mayar wa 'yan gwangwan. Injin walda da almakashin ƙarfe da gudumar babansa ya zuba a mota, ban san inda ya kai su ba, ban tambaya ba. Bai yi wata biyu ba ya kwashe iyalinsa suka koma unguwar Zahir, ya ce kusa da makarantar yara. Ya shiga tuƙin tasi, lokacin hajji kuma ya tafi Mina ɗaukar kayan alhazai, mutumin da ke da warshar kansa, wanda ake zuwa nema daga kan dutse. Ya daina yi wa Hauwa magana. In ta shigo ya fita, ranar sunan ɗanta matarsa kawai ya turo. Ku sauran kuka rabu biyu, kowa da wanda yake goyon baya, gidan da ake cika ranar Juma'a ya koma sai ni da agogon bango.

Da hunturu ya zagayo wani tsoho ya buga mana ƙofa, Balaraben dutse, tsohon mai saye a wajen Malam. Bai ji rasuwar ba. Na gaya masa ta bayan ƙofa, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya ce murhunsa ya ci tsatsa ya huje, ko ɗan Malam yana nan? Na ce an daina. Ya ce inda suke babu lantarki, na kanti kuma ba ya jure itacen da suke samu, matarsa ta tsufa, sanyi na hana ta miƙe ƙafa. Ya tambaya ko akwai ko guda ɗaya da ya rage, ko mai lahani ne. Babu. Na ji tafiyarsa har ya kai bakin layi. Na zauna a nan bayan ƙofar na yi kuka, don wannan tsohuwar ba ta cikin lissafina, ba ta cikin na Hauwa. Ban san ta ba sai da na riga na yanke.

Babba yana zuwa gaishe ni, bai taɓa fasawa ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ajiye abin da ya kawo, in an zuba abinci ya ce ya ƙoshi. Tarin nan wani lokaci ina jinsa, wani lokaci ba na ji. Sau ɗaya tak ya taɓa tayar da maganar, bayan shekara biyu ko uku. Ya miƙe zai tafi sai ya tsaya.

"Umma, na haɗu da baban Salihu a masallaci. Yaron har yanzu yana asibiti da asmarsa."

"Na ji."

"Ba wuta, ba hayaƙi."

"Na sani."

Ya jira ko zan ƙara. Ya ce a tashi lafiya, ya sauka.

To ga ƙarin yanzu, Hadiza ta rubuta, a karanta wa Babba da Hausa, in wani wuri ya shige masa a fassara. Ban san ko hayaƙin babanku ya cuci kowa ba. Hauwa ba ta sani ba, kuma ta faɗi haka a gabanka, har ta ba ka gaskiya inda kake da ita. Ba ta taɓa cewa a rufe ba. Ni na tambaya, ni na hau benen mutane, ni na ji tarinka na tsorata na kasa faɗa. Da za a mayar da ni wannan shekara zan sake kashe wutar, kuma zan sake kwana ban san ko daidai na yi ba. Abin da ka rasa ka rasa shi, ba zan ce maka ƙarami ne ba.

Amma ka daina hukunta ƙanwarka a kan abin da uwarka ta yi. Ka je gidanta ka ci abinci. In akwai sauran magana a ranka, kuma na san akwai, tawa ce. Na gaji, ƙafafuna sun daina kai ni ko'ina, kullum ina ɗakin nan. Ka shigo ciki, ka zauna, ka faɗa mini tun ina ji.